Gangar Noma a Cikin Waya

Sharhinmu na yau zai kai mu yammacin Jihar Katsina, ƙasar Batsari da ta Safana, kuma zancen kiɗa da waƙa za mu yi. Na san wani zai ce, a ƙasar da ake barci da ido ɗaya, wa yake ta kiɗa? Ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci, domin abin da ya sa na ɗauko zancen ya faru ne a gabana, kuma har yau bai bar zuciyata ba.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, manomi ne tun tasowarsa a wani ƙauye da ke yamma da Runka. Shekaru ke nan da tashinsu daga ƙauyen. Yanzu yana zaune a ɗakin haya a bayan garin Katsina, shi da iyalinsa da jikoki, ba gona ba rumbu. Wata rana da yamma na je gaishe shi, na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki yana jan carbi. A wayata akwai wani kiɗan gangar noma da wani aboki ya turo mini. Na ce a raina bari in faranta wa tsoho rai. Na ce, "Kawu, ga irin kiɗanku na da." Na kunna.

Da farko na ga abin da nake so in gani. Carbin ya tsaya a hannunsa, babban yatsan ƙafarsa ya fara motsi yana bin gangar, fuskarsa ta saki. Ba a yi minti ɗaya ba sai na ga yatsan ya tsaya. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ɗago ya ce, "Kashe abin nan, ɗana. Kiɗan ga da gona ake jin shi. Ina gonar?"

Na kashe. Muka zauna shiru har aka kira magariba.

Ni kuwa na san wannan mutumin da wannan kiɗan a wani wuri daban. Ina yaro an sha kai ni ƙauyensu hutun damina, kuma na ga gayya da idona. An yi ruwa da dare, gari ya waye ƙasa na ƙamshi, gero ya kai gwiwa. Samari sun jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa, kowa da hauyarsa. Makaɗi na biye da su a baya, gangarsa rataye a kafaɗa, yaransa na amshi. Can gindin wata ƙanya 'yan mata sun sauke ƙoren fura da tulunan ruwa, suna yi kamar ba sa kallo alhali babu wanda ba su ƙirga saransa ba. Duk wanda ya fara ja baya, makaɗi zai matso kusa da shi ya saki takensa, ya ambaci ubansa da kakansa da irin noman da suka yi. Ranar da aka saki taken kawuna, na ga ya yi kururuwa, ya cilla hauya sama ya cafe, ya duƙa, bai sake ɗagowa ba sai da ya fita ƙarshen kunya, ya juyo ya taryi na kusa da shi. Tsigar jikina ta tashi, ni da ban iya riƙon hauya ba.

Kiɗan da na kunna masa a waya irin wancan ne, bugu ɗaya, salo ɗaya. Amma a gona kiɗan yana da abokan tafiya. Akwai ƙamshin ƙasa, akwai idon tsara, akwai budurwar da ake so ta gani, akwai gumin da ke zuba, akwai sa ran cika rumbu. Da aka raba shi da su, aka kawo shi ɗakin haya a bayan gari, sai ya koma mai tuni da abin da aka rasa. Abin da ya sa shi cilla hauya a can, shi ya sa shi sunkuyar da kai a nan.

Masu sauraro, kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro rediyo, shi ya sa suka ba kowane kiɗa mazauninsa. Kalangu na mahauta ne, in ka ji shi da safe daga wajen kasuwa ka san an yi yanka, kuma da yake kalangu na kwaikwayon hawa da saukar muryar mutum, wanda ya san harshensa zai iya gane abin da yake faɗa. Dundufa ta maƙera ce. Kotso da taushi na fada ne. Tambari kuwa ba a buga wa kowa shi sai sarki, kuma ba kullum ba, sai da dalili, kamar naɗin sarauta ko jajibirin Sallah, a da can kuma har da fita yaƙi. Mata suna da ƙwaryarsu da waƙoƙin daka da niƙa da daɓe a cikin gida, 'yan mata suna da gaɗarsu a dandali in wata ya yi fari. Ba a kai kiɗa gidan makoki, ba a yin sa kusa da masallaci ana salla. Har ganga guda ma ma'anarta na bin wuri da lokaci. In aka buga ta a gona da hantsi, kira ne zuwa aiki. In aka buga gangi a tsakar dare a ƙofar gidan mai gari, babu wanda zai tsaya neman takalmi, an san gobara ce, ko wani ya ɓata a daji, ko mahara sun taso.

Manyan mawaƙanmu ma da wurin suke aiki. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya rasu a 1999, an san shi da cewa a fagen yake ƙera waƙarsa. Yana duban waɗanda ke zaune, da wanda ya shigo, da wanda ya miƙe zai yi kari, sai waƙar ta bi su. Shi ya sa za ka ji waƙarsa guda an ɗauke ta a wurare biyu, kuma ba su zama ɗaya ba. Waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo na sarauta an gina su ne don a rera su a gaban basarake, fadawa na gefe, dawaki na haniniya a waje, wanda ake yi wa zambo ma wataƙila yana cikin taron yana jin abinsa. Mu da muka tashi muka same su a kaset, a cikin motar haya ko a teburin mai shayi, mun ji daɗinsu ƙwarai, amma rabin abin muka samu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ta Katsina ranar hawan Sallah, kakaki da algaita suka tashi lokaci guda, ƙura ta turnuƙe, ƙasa na girgiza da kofaton dawaki, ya san abin da ya ji a ƙirjinsa ba ya shiga cikin waya.

Ba mu kaɗai muka san haka ba. A watan Janairu na 2007 jaridar Washington Post ta Amurka ta shirya wani gwaji. Ta sa wani shahararren mai goge irin na Turawa, Joshua Bell, wanda mutane ke biyan kuɗi mai yawa su kalle shi a manyan zauruka, ya tsaya a mashigar tashar jirgin ƙasa da safe cikin tufafin kowa da kowa, ya yi kiɗa na kusan minti 45. Mutum fiye da 1,000 suka wuce ta gabansa, bakwai kacal suka tsaya saurare, abin da aka jefa masa bai wuce dala 32 da 'yan canji ba. Gwanintarsa na nan yadda take, wurin ne ya hana a ji ta.

To, mu dawo gida, domin abin da ya sami Batsari da Safana ya fi gaban gwajin jarida. A can wurin da kansa ne aka ƙwace.

Ƙasar nan ta jingina ne da dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Ƙasar noma ce da kiwo, ga gero, ga dawa, ga rogo, ga shanu. Tun da daɗewa aka keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai, makiyaya suka samu wurin zama. Ƙasa ce kuma mai tarihin jarumta, domin har gobe in aka ambaci Ruma sai an tuna da Ɗanwaire, barden da ya yi suna a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Manomi da makiyayi sun zauna tare a nan shekara da shekaru. Ana saɓani, ba a rasa ba, amma ana cin kasuwa ɗaya, nono na shigowa gari, hatsi na fita ruga, bayan girbi shanu su sauka a gona su ci kara su bar taki.

A wancan zamanin akwai wani sauti da duk ɗan ƙasar nan ya sani, wato sarewar makiyayi. Ina so in ɗan daɗe a kanta, don a ganina babu abin da ya fi ta nuna abin da nake faɗa. Da la'asar sakaliya, rana ta yi ja, shanu sun juyo gida, sai ka jiyo ta daga nesa, siririya, tana hawa tana sauka, iska na kawo ta tana mayarwa. Yaro ne ɗan shekara goma sha, sanda a wuya, yana hura abinsa don ya ɗebe kewa. Matan ƙauye na jin ta suna tankaɗe, su ce yamma ta yi. Tsofaffi na jin ta a bakin masallaci suna alwala. Ba wanda ya biya, ba wanda ya gayyata, amma tana cikin abin da ya sa yammacin ƙauye ya zama yammacin ƙauye. Ni kaina in na tuna gidan kakata, kafin in tuna fuskar kowa sai na fara jiyo wannan sarewar.

Yau fa? Wata inna tawa da ta baro ƙasar Batsari ta gaya mini cewa a shekarunta na ƙarshe a ƙauye, in ta jiyo sarewa daga wajen daji sai gabanta ya faɗi, ta fara ƙwala wa yara kira su shigo gida. Ta ce, "Wallahi ɗan nan, na san busa ce kawai, amma jikina ba ya yarda." Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sarewar ba ta yi laifin komai ba. Dajin da take fitowa daga cikinsa ne ya zama inda mutuwa ke fitowa, sai tsoron dajin ya shafe ta.

Kuma adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Yaron da ke hura sarewar, sau da yawa shi ma abin ya ci gidansu. An kore shanun ubansa, ko an tare ɗan'uwansa a hanyar kasuwa an kashe shi don kawai kamanninsa da harshensa, ba tare da an tambayi laifinsa ba. Makiyayi nagari ya koyi yin shiru a daji, don kada busarsa ta nuna wa ɓarawo inda garke yake, kada kuma ta tayar wa mutanen gari hankali su fito da makamai. Taron sharo da ake yi bayan kaka, inda samarin Fulani ke gwada jimiri ana kiɗa ana guɗa, Hausawan gari na zuwa kallo, ya zama abin da ake ba yara labari a wurare da yawa. Kunne biyu ne suka lalace, na gari da na ruga.

Ba sai na jera muku hare-hare ba, kun fi ni sani. Guda ɗaya zan ambata. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, suka kashe mutum 30, suka ƙona gidaje da rumbuna da dabbobi. Ku gaya mini, uwar da ta ga wannan daren, in wata ya yi fari, za ta bar 'yarta ta fita dandali gaɗa? Haka dandali ya mutu a ƙauye bayan ƙauye, ba tare da wata doka ta hana shi ba. Tashen da yara ke farawa in azumi ya kwana goma, suna bi gida gida bayan shan ruwa, ya ja baya. Ga wanda ma ba ya sauraron kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, kuma ina girmama wannan fahimta, abin bai ƙyale shi ba. Muryoyin almajirai da ke tashi da karatu a gindin wutar kiskali da dare, da baitocin Ishiriniya da ake kwana rerawa a watan Mauludi, su ma dare ne mazauninsu, kuma daren ya fita daga hannun mutane.

Biki ma ya sauya kama. Da, kai amarya aikin dare ne. Ƙawaye na tafe suna waƙa, amarya na kuka a ƙarƙashin mayafi, guɗa na tashi, makaɗa na jira a ƙofar gidan ango. Na halarci wani biki a ƙasar Safana cikin shekarun nan. An ɗaura aure da hantsi, aka ci abinci a tsaitsaye, kafin la'asar an kai amarya, kowa ya kama hanya don kada magariba ta same shi a waje. Da wani yaro ya jawo lasifika zai kunna waƙa, uban amarya da kansa ya taso ya ce, "Don Allah ku rufa mana asiri." Ya san abin da yake tsoro. Sautin biki yana gaya wa na cikin daji cewa ga taro, ga baƙi daga birni, ga kayan ɗaki sababbi. Waƙar da aka yi don shelar farin ciki ta zama abin da ake ɓoyewa kamar kuɗi.

Sai kuma 2021, shekarar da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauki tsauraran matakai. Aka rufe kasuwannin dabbobi, aka taƙaita zirga-zirgar babura, aka hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Batsari da Safana na ciki, aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. Don tsaro aka yi, kuma ba shi nake tuhuma a yau ba. Abin da nake so ku lura da shi ƙarami ne, amma yana da ma'ana. Shagon mai caji a ƙauye shi ne kuma inda ake tura wa mutane waƙoƙi a katin waya, nan samari ke zama su ji sabuwar da ta fito. Da aka rufe shi, mutane suka koma ga tsohuwar abokiyarsu, rediyo mai batir. Sai dai sauraron ya sha bamban da na da. Maigida zai kara ta a kunne, murya can ƙasa, kunne ɗaya na ga waƙar, ɗayan na waje. Da kare ya yi haushi sai ka ji an ce, "Rage rediyon nan mu ji, kamar ƙarar babur." Ko waƙar wa ake sawa a wannan lokacin, Shata ne ko Ɗanmaraya Jos, ba za ta shiga zuciya yadda take shiga da ba, domin zuciyar na tsaye a bakin ƙofa tana gadi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu mutanen birni mu ji kunyarsa. Muna samari mun saurari kaset ɗin Kassu Zurmi da na Gambu, wanda aka fi sani da mawaƙin ɓarayi. Muna dariya, muna mamakin iya zancensu, muna maimaita kirarin da suke yi wa masu ƙarfin hali. A lokacin sata a wurinmu labari ce, ta wani ce a wani gari. Gambu da kansa ya tuba ya bar wannan waƙa kafin rasuwarsa. Yau ka kunna irin waɗannan waƙoƙi a gaban mutumin da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansar matarsa, ka ga ko zai yi dariya. Fasahar na nan, azancin na nan, ban kuma ce a goge su daga tarihin adabinmu ba. Amma wanda ke zaune cikin abin ba zai ji su yadda mai kallo daga nesa ke jin su ba.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne sababbin waƙoƙin da ake yi wa 'yan bindigar yanzu, masu rai, masu suna, ana yaɗa su a waya da TikTok. Yaro a Kano ko Kaduna zai ɗora ta a kan hotonsa yana rawa, shi dai kiɗan ne ya yi masa daɗi. Ita wannan waƙar in ta isa kunnen wata baiwar Allah a sansanin gudun hijira, sunan wanda ya mayar da ita bazawara take ji ana wasawa. Waya ta sa waƙa na tafiya ba tare da wurinta ba, tana faɗa wa kunnen da ba a nufa ba. Ni a wurina, duk wanda ya tura irin wannan waƙa gaba ya sa hannu a cin zarafin waɗannan bayin Allah, ko ya sani ko bai sani ba.

Maƙwabtanmu na Mali sun ga irin wannan ta wata fuska. A 2012 masu ɗauke da makamai da suka kama arewacin ƙasar suka haramta kiɗa a Tumbuktu da Gao da Kidal. Bikin kiɗan hamada da ake yi tun 2001, wanda ke tara mawaƙa daga ƙasashe da dama a kan rairayi, a watan Janairu na 2012 aka yi na ƙarshe a can. Mawaƙan sun watsu, wasu Bamako, wasu ƙasashen waje, suna ci gaba da waƙa a manyan zauruka, duniya na tafa musu. Nasu ya samu masu ba da labari. Namu makaɗan noman da na tauri da na farauta, da suka baro ƙauyukan Batsari da Safana, babu wanda ya bi sawunsu. Wasu na Katsina, wasu Dutsin-Ma, wasu sun tsallaka ƙasar Maraɗi tare da sauran 'yan gudun hijira. Na ga ɗaya da idona yana turin kurar ruwa. Na tambaye shi gangarsa, ya ce tana rataye a ɗaki, fatar ta bushe ta tsage, kuma bai ga dalilin sake ta ba tunda babu gonar da za a kira shi.

Amma kada in bar ku da zaton wuri ɓata waƙa kawai yake yi. Yana kuma ƙara mata zaƙi. Tambayi ɗan Batsari da ke neman kuɗi a Agege ta Legas, ko a zangon Kumasi, yadda yake ji in kalangun Shata ya tashi daga wani shago ba zato. Waƙar da yake wucewa a gida bai ko waiwaya ba, a can sai ta tsayar da shi a tsakiyar titi. Kuma mutane na iya gina wa waƙa sabon mazauni in sun samu sarari. A gidan da kawuna ke haya an yi suna kwanakin baya. Bayan an watse, matan da suka fito daga ƙauyuka daban daban suka jawo ƙore, suka kifa a cikin baho da ruwa, suka ɗauko ludaya. Kiɗan ƙwarya ya tashi, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta ɗaukaka har duniya ta san shi. Ina daga zaure ina jin su. Ana guɗa, ana shewa, can sai muryar mai bayarwa ta sarƙe, aka ɗan yi shiru, wata ta karɓe ta, kiɗan ya ci gaba. Da innata ta fito idonta ya yi ja, amma tana murmushi. Ta ce rabon da ta ji ta a gida tun ranar da suka ɗaure kaya. Tsakar gidan haya ce mai faɗin tabarma huɗu, amma da yake waɗanda ke wurin duk sun san abin da aka baro, sai ta ɗauki waƙar.

An gwada hanyoyi da yawa don dawo da zaman lafiya a yankin nan. An yi sulhu a 2019, bai ɗore ba. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. A 2025 kuma an sake zaman sulhu a matakin al'umma a Jibiya da Batsari da Safana da wasu maƙwabtansu. Mutane sun rabu a kan wannan, wasu na ganin sauƙi ne, wasu na ganin ba a yi wa waɗanda aka zalunta adalci ba, kuma kowane ɓangare na da hujjar da ta cancanci a saurara. Abin da zan ƙara kawai shi ne ma'aunin da talaka ke amfani da shi. Jami'i na ƙirga kwanakin da aka yi ba a kai hari ba. Mutumin ƙauye kuwa yana duba ko ya iya barin 'yarsa ta fita gaɗa bayan isha, ko an kai amarya da dare ana waƙa, ko an jiyo sarewa da yamma ba wanda ya kira yara su shigo. Ranar da aka ga waɗannan, ba sai an yi sanarwa a rediyo ba.

Kafin wannan rana ta zo akwai aikin da ba ya jira. Ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da sassan nazarin Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, su nemo waɗannan makaɗa tun suna raye. A ɗauki kiɗansu, a kuma zauna da su su faɗi taken wane ne wannan, a gonar wa aka saba buga shi, wane gida ne ke da wane kirari. In tsohon makaɗi ya rasu da wannan a cikinsa, tarihin zuriyoyin ƙauye guda ne ya bi shi kabari. Ina kira ga iyayenmu hakimai, Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, da dagatai da masu unguwanni, duk inda jama'a suka fara komawa gona, a farfaɗo da gayya, kuma a kira makaɗi. Mutanen da suka shekara biyar ko shida a warwatse suna bukatar abin da zai sake jera su a kunya ɗaya. Inda hali ya yi, a gayyaci makiyayan da aka san su da zaman lafiya su zo da nono su sha fura tare da jama'a, yaransu su zo da sarewarsu, kunnuwa su fara sabawa da ita a cikin taro da rana tsaka kafin su sake amincewa da ita daga nesa. Mu ma ma'aikatan gidajen rediyo da ke zaɓen waƙar da za a sa, mu riƙa tuna cewa akwai mai sauraronmu a ɗakin aro, akwai mai sauraronmu da ke gadin ƙofa.

Kai kuma mai sauraro, in akwai dattijo ko dattijuwa a gidanku da rikicin nan ya raba da ƙauyensu, kada ka yi irin gaggawar da na yi. Kafin ka kunna masa kiɗan gida, zauna ka tambaye shi labarin gonar, da sunan makaɗinsu, da yadda takensa yake. In ya ce a kunna, ka kunna. In ya ce a bari, ka bari. Ni na koma wurin kawuna bayan mako biyu, ban ɗauki waya ba. Da bakinsa ya buga mini takensa, yana tafa cinya, ya ce in Allah ya mayar da su gida, ko bashi zai ci sai ya kira gayya a daminar farko.

Allah ya mayar da su lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.